Babi na Uku: Kafin Baki Ya Buɗe

Da hantsi kasuwar Wunti da ke garin Bauchi ta riga ta cika ta batse. Daga bakin shataletale, inda 'yan Keke Napep ke sauke fasinja, har cikin layin 'yan atamfa, ba abin da ke tashi sai muryoyi. Mai baro na ihun a ba shi hanya, mai masa na ƙwala wa yaro kira ya zo ya kai kwano, rediyon mai shayi na ta zuba labarai ba mai saurare. A bakin wata rumfa, wata mata ta ɗaga turmin atamfa tana duba shi a hasken rana.

"Alhaji, nawa za ka bar mini wannan?"

"Hajiya, don ke ce, kawo dubu 18."

"Dubu 12 na saya."

"Albarka."

Irin wannan ciniki ana yin sa sau dubbai a Wunti kafin azahar, kuma ba wanda ke ganin wani abin mamaki a ciki. Abin mamakin yana ɓoye ne a ɗan shirun da ke tsakanin "na saya" da "albarka". A shekarar 2009, Tanya Stivers da abokan aikinta na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a ƙasar Holan suka auna irin wannan shiru a hirarrakin yau da kullum na harsuna 10, daga Japan har Namibiya. Suka tarar cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa, in an daidaita, kusan milisakan 200 ce, wato kashi ɗaya cikin biyar na sakan guda. Japanawa sun fi kowa hanzari, mutanen Denmak sun fi kowa jinkiri, amma ko su ba su cika rabin sakan ba.

Ga inda gizo ke saƙa. A wannan cibiya dai, Willem Levelt ya shafe shekaru yana auna tsawon lokacin da mutum ke ɗauka kafin ya faɗi sunan abin da aka nuna masa a hoto. Amsar ita ce kusan milisakan 600, a kan kalma ɗaya tak. To yaya Alhaji ya amsa cikin 200? Hanya ɗaya ce: tun Hajiya tana kan "dubu 12" ƙwaƙwalwarsa ta hango inda maganar za ta sauka, ta yanke cewa tayin bai kai ba, ta zaɓo kalmar, ta jera sautukanta, ta ajiye a bakin ƙofa tana jiran Hajiya ta rufe baki. Sauraro da shirin amsa tare suke tafiya, a kai ɗaya.

Wasalin da ya san gaba

Hausa da kanta tana ɗauke da shaidar wannan shiri, kuma ba sai an je ɗakin gwaji ba. Hajiya ta ce "na saya". Da za ta ambaci abin da ta saya, sai ta ce "na sayi atamfa". Da za ta yi amfani da wakilin suna, sai ta ce "na saye ta". Aikatau ɗaya ne, amma wasalinsa na ƙarshe yana sauyawa, a, i, e, gwargwadon kalmar da za ta biyo baya, kalmar da bakin bai kai gare ta ba tukuna. Ba yadda za a yi harshe ya furta "sayi" daidai sai in ƙwaƙwalwa ta riga ta san suna ne ke tafe. Yaro ɗan shekara huɗu a unguwar Jahun ko Nassarawa yana yin wannan ba tare da kuskure ba, alhali ko kalmar nahawu bai taɓa ji ba.

Kuma wannan tushe guda yana ta 'ya'ya a kasuwa. Dillali ya sayo kaya daga Kano, Alhaji ya sayar, wani attajiri ya saye duka, kayan sun sayu. F. W. Parsons, malamin Hausa a Jami'ar Landan, shi ne a 1960 ya tsara waɗannan sauye-sauye zuwa rukuni 7, tsarin da har yau ake koyarwa a sassan Hausa na jami'o'i. Haka jam'i: kasuwa kasuwanni, kanti kantuna, doki dawaki, tunkiya tumaki. Wasu sai dai a haddace su, domin ba ƙa'idar da za ta kai mutum daga "sa" zuwa "shanu". Wasu kuwa ƙa'ida ce mai aiki a kan duk abin da ya shigo. Da mota ta zo ƙasar Hausa aka ce motoci, da kwamfuta ta zo aka ce kwamfutoci, "t" ta koma "c" a gaban "i" kamar yadda ta saba, ba wani kwamiti da ya zauna. Ƙwaƙwalwa na riƙe da rumbun kalmomi, tana kuma riƙe da dokokin sarrafa su, har da na karin harshen gari. Inda Bakano zai ce "na saya wa Audu riga", a Bausanci akan ji "na sayi riga wa Audu", kuma wasalin aikatau ya bi sabon jerin yadda ya kamata.

An taɓa kama waɗannan matakai suna aukuwa ɗaya bayan ɗaya. A 2009 Ned Sahin da Steven Pinker da Eric Halgren suka yi aiki da masu farfaɗiya su 3 a Amurka, waɗanda likitoci suka sanya wa siraran wayoyi cikin ƙwaƙwalwa don gano inda ciwon ke tasowa kafin tiyata. Aka riƙa ba su kalmomi su sarrafa a zuci, su mayar da tilo jam'i ko su sauya lokacin aikatau. A wuri guda a ɓarin hagu sai aka ga motsi sau uku: a milisakan 200 an gane kalmar, a 320 an yi mata aikin nahawu, a 450 an tsara sautinta. Sai bayan nan umarni ke sauka ga tsokoki kimanin 100, na ƙirji da maƙogwaro da harshe da leɓɓa, su fitar da kalma biyu zuwa uku a kowane sakan.

Ko suɓutar baki tana bin tsari. Victoria Fromkin ta Jami'ar Kalifoniya ta tara dubban irin waɗannan kurakurai, ta nuna a 1971 cewa baƙi da baƙi yake musaya, wasali da wasali, farkon gaɓa da farkon gaɓa. Mai son ya ce "kifin rijiya" in harshensa ya sarƙe yakan ɗauko sautin kalma ta biyu ya sa a ta farko, alamar cewa ta biyun tana nan a layi tun kafin lokacinta. 'Yan mata masu zaurance, da ke cusa ƙarin gaɓa bayan kowace gaɓa ko su juya gaɓoɓin don kada manya su gane, da wannan mataki suke wasa. Ma'ana da nahawu suna nan yadda suke, sautin kawai aka sake wa zubi, kuma a guje.

Mutumin da kalmarsa ɗaya ce

Sanin inda ake wannan aiki a cikin kai ya faro ne daga gadon asibiti. A watan Afrilun 1861, a asibitin Bicêtre da ke gefen birnin Paris, aka kawo wa likita Paul Broca wani majinyaci mai suna Louis Victor Leborgne, ɗan shekara 51, da ruɓewar ƙafa. Shekararsa 21 a asibitin. Tun yana ɗan shekara 30 magana ta ɗauke masa, ba abin da ke fita bakinsa sai gaɓa ɗaya, "tan", wadda yakan maimaita sau biyu, har ta zame masa suna. Yana gane abin da ake faɗa masa, yana nuna adadi da yatsu, yana sauya muryar "tan" ɗin gwargwadon abin da yake nufi, in ransa ya ɓaci kuma ashar kan kuɓuce masa cikakkiya. Ya rasu ranar 17 ga watan. Da Broca ya buɗe kansa sai ya ga rami a sashen gaba na ɓarin hagu, sama kaɗan da gaban kunne. Bayan 'yan watanni ya sake samun wani dattijo, Lelong, ɗan shekara 84, mai kalmomi 5 kacal, da rauni a wuri guda. Zuwa 1865 Broca ya tara isassun shaidu ya bayyana cewa da ɓarin hagu mutum ke magana.

A 1874 wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ɗan shekara 26 a birnin Breslau, ya bayyana kishiyar wannan. Nasa majinyatan magana na zuba daga bakinsu kamar famfo, da kari da tashin murya daidai, amma ba kai ba gindi, su kuma ba sa fahimtar abin da ake gaya musu. Rauninsu yana can baya, a saitin saman kunnen hagu.

In aka kawo misalin gida, bambancin zai fito sarai. A tambayi mai raunin sashen Broca ina ya je jiya, sai ya yi ta fama, gumi na keto masa: "Wunti... kasuwa... Keke... a'a... gida." Sunaye sun fito, amma ƙananan kalmomin da ke ɗaure jimla, irin su "na", "zan", "ina", waɗanda a Hausa su ke ɗauke da lokaci da mai aikin, sun zube a hanya. Ya san ya yi kuskure, abin kuma yana ci masa rai. Mai raunin sashen Wernicke kuwa zai amsa da fara'a, ya jero jimla mai tsawo wadda daga nesa kamar Hausa ce tsantsa, amma in an matso sai a ji kalmomin da ba su da dangi da tambayar, har da waɗanda babu su a harshen. Shi bai san akwai matsala ba, yana ma mamakin me ya sa ake kallonsa. Wannan nau'i ne aka fi yi wa fassarar taɓin hankali. Likitoci suna kiran duka biyun afasiya.

Tsakanin sassan biyu akwai damin jijiyoyi da ya lanƙwasa kamar baka ya haɗa su. In shi ne ya tsinke, mutum yana fahimta, yana magana, amma a ce masa "maimaita: Ƙofar Wunti" sai ya yi ta kewaye kalmar yana gyarawa bai kama ta ba.

Taswirar ta ƙara faɗi tun daga lokacin. Broca bai yanka ƙwaƙwalwar Leborgne ba, ya adana ta ne a kwalba, kuma a 2007 Nina Dronkers ta sa ta a na'urar MRI. Sai ga raunin ya nutsa can ciki, ya cinye jijiyoyin da ke ƙarƙashi, fiye da abin da Broca ya gani da ido. A 2016 kuma, a Berkeley, Alexander Huth da Jack Gallant suka sa mutum 7 suka saurari labarai na sama da awa 2 a cikin na'ura, suka ga ma'anonin kalmomi a warwatse a ɓari biyun: na lissafi a nan, na dangantaka a can, na gani da taɓawa a wani wurin. Wato sassan Broca da Wernicke kamar manyan tashoshin mota ne a hanyar da ke da rassa da yawa. Duk da haka rinjayen hagu bai gushe ba. Gwajin da Juhn Wada ya ƙirƙiro, na sa wa ɓari ɗaya maganin barci na 'yan mintoci, ya nuna kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama a hagu harshensu yake, haka ma kusan kashi 70 na bahagwai.

Na saya masa masa

Kunne ma yana da nasa aikin, kuma Hausa ba ta raga masa. A rubuce, "na saya masa masa" kamar kuskuren maɗaba'a ne. A baki kuwa ba Bahaushen da zai ruɗe: ta farko wasulanta gajeru ne, ta biyu, wadda ake ci da miyar taushe, dogaye. "Wuya" ta jiki tana farawa sama ta sauko, "wuya" ta wahala tana farawa ƙasa ta hau. "Kuka" na hawaye da "kuka" ta miya karin sauti ne ya raba su. "Ya tafi" na iya zama labari, an riga an tafi, ko umarni, a ce masa ya kama hanya. Ga kuma baƙaƙe masu ƙugiya: kafa da ƙafa, bari da ɓari, baki da baƙi.

A 2014 Nima Mesgarani da Edward Chang, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa a San Francisco, suka ɗora faifan ƙananan wayoyi a kan sashen ji na masu farfaɗiya su 6, suka kunna musu jimloli 500. Suka ga kowane gungun ƙwayoyi da irin sautin da yake jira. Wasu ba sa motsi sai an furta sauti mai fashewa irin "b" da "k", wasu sai mai shuu irin "s", wasu sai na hanci irin "m" da "n". Ƙwaƙwalwa tana wargaza magana zuwa waɗannan siffofi, sannan ta sake ɗinke ta.

Wane bambanci ne za ta ɗauka da muhimmanci? Wannan tun a goye ake yanke shi. Janet Werker da Richard Tees sun nuna a Kanada a 1984 cewa jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe sautukan harshen Hindi, da wasu sautuka biyu masu tsartuwa, dangin "ƙ" ta Hausa, na wani harshen 'yan asalin ƙasar. Kafin su cika wata 12 yawancinsu sun daina jin bambancin. Kunnensu lafiya lau, ƙwaƙwalwa ce ta tattara ƙarfinta kan sautukan da take ji a gida. Shi ya sa wanda ya koyi Hausa da girma yake fama da "ƙ" da "ɗ", har Hausawa suka yi wa wasan karya harshe laƙabi da gagara-Gwari. Kuma shi ya sa Bahaushe, in ya shiga Turanci, "p" da "f" suke rikiɗe masa, abokan wasa su sami abin ramawa.

Karin sauti kuwa sha'aninsa daban ne. Tashi da saukar murya a waƙa, ko a nuna fushi da tausayi, ɓarin dama ya fi ƙwarewa a kai. Shi ke raba "sannu" ta jaje da "sannu" ta gatse. Amma a 1973 Diana Van Lancker da Victoria Fromkin suka gwada masu harshen Tailan, wanda shi ma karin sauti ke raba kalmominsa. Suka sa musu kalmomi daban-daban a kunnuwa biyu lokaci guda, sai kunnen dama, mai kai saƙo ɓarin hagu, ya yi rinjaye. Turawan da aka kunna wa sautukan ba su nuna haka ba. Da zarar kari ya zama mai raba "wuya" da "wuya", ɓarin hagu yakan karɓe shi a matsayin kayan harshe.

Duk wannan sauraro da hasashe ake yin sa. A ce wa mutumin Bauchi "ya ci masa da miyar takalmi". Kusan milisakan 400 bayan kalmar ƙarshe, wutar ƙwaƙwalwarsa za ta yi wani tsalle da ake iya aunawa daga fatar kai, domin taushe take jira. Marta Kutas da Steven Hillyard ne suka gano wannan tsalle a San Diego a 1980.

Harsuna da yawa, kai ɗaya

Hajiya ta tafi da atamfarta a dubu 15. Bafulatana mai tallan nono ta tsaya a bakin rumfar, Alhaji ya ce mata "Jam na?", ta ce "Jam". Maƙwabcinsa Ibo mai kayan gyaran lantarki ya leƙo neman canji, suka yi ta da Turancin kasuwa. Waya ta yi ƙara, daga gida ne, sai ya koma wani harshen da ba kowa a layin ke ji ba.

A Bauchi wannan ba abin a juyo a kalla ba ne. Jihar na da harsuna sama da 50, kuma manyan zuriyoyin harsunan Afirka uku sun haɗu a cikinta. Geranci, harshen kakannin Malam Yakubu da ya kafa garin Bauchi a 1809, da Sayanci na Tafawa Balewa da Bogoro, da Warjanci, da harshen Miya wanda Russell Schuh ya wallafa nahawunsa a 1998, duk 'yan gidan Chadi ne kamar Hausa. Jaranci na Dass da Fulatanci zuriyar Neja-Kongo ne. Barbarci kuma wata zuriyar ce dabam.

Shin kowane harshe da ɗakinsa a kai? A 2022 Saima Malik-Moraleda da Evelina Fedorenko na jami'ar MIT suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar masu harsuna 45 daga zuriya 12, ciki har da Larabci da Ibrananci, dangin Hausa na nesa, da Sawahili. Hausa ba ta cikin jerin. A duka 45 ɗin, sassa iri ɗaya ne suka kama aiki, a gaba da gefen ɓarin hagu, kuma da aka ba mutanen lissafi sai waɗannan sassa suka yi tsit. Harshe da lissafi ba ɗakinsu ɗaya ba, abin da ke bayyana yadda ɗan kasuwar da magana ta ɗauke wa kan iya ƙirga canji daidai.

Ga mai harshe biyu, binciken Karl Kim da Joy Hirsch a New York a 1997 ya nuna waɗanda suka tashi da harsunan tun ƙuruciya wuri guda suke amfani da shi a sashen Broca, waɗanda suka koyi na biyu da girma kuwa wuraren sun ɗan rabu. Binciken baya ya nuna ƙwarewa da yawan amfani suna rage wannan rata. Abubakar Tafawa Balewa, wanda kabarinsa ke cikin garin nan, a aji ya koyi Turanci, a Bauchi sannan a Kwalejin Katsina. Da Hausa ya rubuta Shaihu Umar, da Turanci kuma ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960, da muryar da ta sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya. Babban aikin mai harsuna da yawa shi ne danne sauran yayin da yake amfani da ɗaya, domin dukansu a farke suke. In gajiya ko fushi ya sassauta wannan birki, sai kalmar gida ta faɗo tsakiyar Turanci.

Abin da yaro bai ji ba kuwa, ƙwaƙwalwarsa ba ta gina masa wuri. Harshen Ajawa na ƙasar Bauchi ya ɓace a farkon rabin ƙarni na 20 bayan masu shi sun koma Hausa, kuma yau matasan Gerawa da yawa da Hausa kaɗai suka tashi.

Wannan tsari bai ma dogara da murya ba. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu mai nahawunta, wadda Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kai a 2000. A cibiyar Salk ta Amurka, Ursula Bellugi da Edward Klima da Howard Poizner sun nuna a 1987 cewa kurman da ya samu rauni a ɓarin hagu yakan rasa maganar hannunsa kamar yadda mai ji ke rasa ta baki: mai rauni a gaba ya riƙa yin alamu da ƙyar, mai rauni a baya ya riƙa zuba alamu marasa ma'ana.

Ranar da magana ta ɗauke

A Bauchi, kamar ko'ina a Nijeriya, abin da ya fi raba babba da maganarsa shi ne shanyewar ɓarin jiki. Jijiyar jini ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, sashen da take shayarwa ya fara mutuwa. Da yake jijiyoyi suna gicciyewa, ɓarin hagu ke tafiyar da hannu da ƙafar dama. Shi ya sa iyalai suka sha lura cewa wanda damarsa ta shanye shi ne maganarsa ke tafiya, wanda hagunsa ta shanye kuwa sau da yawa bakinsa na nan. Kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo suna samun afasiya.

Binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, ya fito a 2018 da majinyata 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59. Kashi 68 toshewa ce, kashi 32 fashewa. Hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin musabbabai.

Abin da ke ruɗa iyali shi ne abin da ya rage. Dattijon da ya kasa faɗin sunan matarsa, a yi masa sallama sai ya amsa cikakkiya. A ce "ina kwana, Baba?" ya ce "lafiya lau". A ja masa farkon Fatiha sai ya kai ta ƙarshe, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, wani ma ya bi waƙar da ya sani tun yana saurayi. Daga nan sai a fara cewa ai yana iyawa, ƙi yake yi, ko an yi masa sammu, ko iska ce ta riƙe harshen. Likitan Ingila John Hughlings Jackson ya bayyana wannan tun ƙarni na 19: maganar da aka haddace aka maimaita dubban lokuta, gaisuwa da addu'a da ƙirga da ashar, ba ta bin hanyar da sabuwar jimla ke bi. Ɓarin dama da sassan can ciki suna da hannu a riƙe ta, don haka takan tsira. A 1973 likitoci a Boston suka mayar da wannan magani, suna koya wa majinyaci rera gajerun jimloli da kari yana buga hannun hagu, har a hankali a janye waƙar a bar maganar.

Ga mai harsuna da yawa, wanne ke fara dawowa? Albert Pitres na Bordeaux ya lura a 1895 cewa sau da yawa wanda aka fi amfani da shi kafin ciwon ne, ko da ba shi ne na uwa ba. Michel Paradis na Montreal ya tattara rahotanni masu yawa daga baya, ya ga mafi rinjaye harsunan tare suke farfaɗowa, amma akwai waɗanda ɗaya ke dawowa ya bar ɗaya. Saboda haka Basayin da ya shekara 30 yana ciniki da Hausa a Wunti, in ya kwanta, ya kamata a gwada shi da Hausa a kuma gwada shi da Sayanci, a gaya wa likita abin da aka gani.

Lokaci shi ne kome a ranar farko. Jeffrey Saver ya ƙiyasta a 2006 cewa a babbar toshewa ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti, daga cikin biliyan 86 da mutum ke da su. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko, kuma ba a yin ta sai hoton kai ya tabbatar ba fashewa ba ce. Alamun a bayyane suke: baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, magana ta sarƙe ko ta rikice farat ɗaya. Wanda ya ga haka ga maƙwabcinsa a rumfa, ya lura da ƙarfe nawa ne, ya tare Keke ko mota a nufi babban asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa yana nan cikin gari. A yi addu'a a hanya, amma kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko kunu, domin ciwon kan taɓa haɗiya, abin ya shiga huhu.

In an dawo gida, mafi yawan sauƙin yakan zo a watanni 3 zuwa 6 na farko, kuma da atisaye yana ci gaba har shekaru. A riƙa yi masa magana da gajerun jimloli, mutum ɗaya a lokaci guda, a kashe rediyo. A ba shi lokaci ya nemo kalmarsa, kada a riƙa ƙarasa masa. Kada a yi masa tsawa kamar kurma, kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan, a ci gaba da shawartarsa a kan gidansa da rumfarsa. Wanda kuma ya haura shekara 40 bai san awon jininsa ba, ya tsaya a asibiti ko kantin magani mafi kusa a auna shi, awon ba ya cin minti 5.